Mazaɓar Brampton ta Yamma: Yadda Jama'a Suka Yi wa Taswirar Zaɓe Yawa a Lardin Ontariyo

Birnin Brampton yana arewa maso yammacin Toronto, a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Yana cikin garuruwan da suka kewaye babban birnin, waɗanda mutanen can ke kira yankin 905 saboda lambar tarho da aka ba su a 1993. Wannan nazari ya bibiyi mazaɓa guda ta majalisar dokokin lardin, wato Brampton ta Yamma, tun daga lokacin da jama'arta suka fara yi wa iyakokinta yawa har zuwa zaɓen 2025. A shekarar 2011 mutum sama da 200,000 ne ke zaune a cikinta, dukkansu da wakili ɗaya, alhali matsakaiciyar mazaɓa a lardin tana da mutum kimanin 120,000.

Lardi a Kanada kamar jiha yake a Najeriya, sai dai ba a zaɓen shugabansa kai tsaye. Kowace mazaɓa tana tura mutum ɗaya majalisa, wanda ya fi kowa ƙuri'a ko da bai kai rabi ba, sannan shugaban jam'iyyar da ta fi kujeru a majalisar ne yakan zama firimiya. Asibitoci da makarantu da jami'o'i da manyan hanyoyi duk a hannun lardi suke. Saboda haka yawan kujerun da gari ke da su shi ne gwargwadon ƙarfin muryarsa a wurin da ake kafa gwamnati, kuma ake raba kuɗin waɗannan ayyuka.

Asalin wurin da wakilcinsa kafin 1996

Brampton ya samu hukumarsa ta ƙauye a 1853, ya zama gari a 1873, kuma ya daɗe yana matsayin hedikwatar gundumar Peel. An fi saninsa da noman furanni a cikin manyan rumfunan gilashi, har aka yi masa laƙabi da garin furanni. Yammacinsa kuwa, inda kogin Credit ya ratsa ta ƙauyukan Huttonville da Churchville, gonaki ne da lambunan tuffa. A 1974 gwamnatin lardi ta haɗe tsohon garin da yankunan karkara na Chinguacousy da Toronto Gore, ciki har da sabuwar unguwar Bramalea da aka gina a gabas, aka samu birnin Brampton na yanzu. Haɗewar ta bar wa birnin makeken fili wanda ba a gina ba, kuma wannan fili shi ne tushen duk abin da ya biyo baya.

A 1959 gundumar Peel gaba ɗayanta kujera guda take da ita, kuma Bill Davis, lauya ɗan Brampton, shi ya ci ta a shekarar. Ya zama firimiyan Ontariyo a 1971, ya riƙe muƙamin har 1985. A zamaninsa da bayansa kaɗan, lardin yana shata mazaɓunsa da kansa, yana ƙara kujeru yayin da jama'a ke ƙaruwa: kujeru 117 a 1967, sai 125 a 1975, sai 130 a 1987. Wakilcin Brampton ya bi wannan sahu. An raba Peel gida biyu a 1967, an fitar da mazaɓar Brampton a 1975, sannan a 1987 aka raba ta zuwa Brampton ta Arewa da Brampton ta Kudu. Ƙidayar 1981 ta samu mutum 149,030 a birnin, ta 1991 kuma ta samu 234,445.

1996 zuwa 2003: an jingina taswirar lardi da ta tarayya

Jam'iyyar PC mai ra'ayin riƙau ta ci zaɓen 1995 ƙarƙashin Mike Harris, da alƙawarin rage kashe kuɗin gwamnati. A 1996 majalisa ta zartar da dokar da aka yi wa suna dokar rage yawan 'yan siyasa. Dokar ta rage kujeru daga 130 zuwa 103, kuma ta ce daga yanzu mazaɓun lardi za su zama daidai da na majalisar tarayya da ke Ottawa, a suna da iyaka da adadi. Hujjar da aka bayar ita ce tsimin kuɗi da sauƙaƙa wa mai zaɓe, domin ya san cewa mazaɓarsa ɗaya ce a matakan biyu.

Da farko canjin ya yi wa garuruwan 905 daɗi, domin taswirar tarayya ta lokacin ta fi tsohuwar ta lardi kusa da ainihin inda mutane suke zaune, kuma arewacin lardin da wasu yankunan karkara ne suka yi asarar kujeru. A zaɓen 1999 Brampton ya shiga mazaɓu uku, ɗaya tasa ce zalla, biyu kuma yana tarayya a cikinsu da maƙwabcinsa Mississauga. Yammacin birnin ya faɗa cikin mazaɓar da ta haɗa shi da wani yanki na Mississauga, kuma Tony Clement na PC ne ya wakilce ta. A ranar 2 ga Oktoba 2003 Vic Dhillon na jam'iyyar Liberal ya kayar da shi, a lokacin yana ministan lafiya na lardin.

Amma dokar ta zo da wani abu da ba a cika magana a kansa ba a lokacin. Lardin ya daina kafa hukumarsa ta shata mazaɓu, ya koma jiran aikin hukumar tarayya, wadda ba ta zama sai bayan babbar ƙidayar da ake yi duk shekara goma.

2003 zuwa 2007: an shata mazaɓar a kan ƙidayar da ta riga ta tsufa

Hukumar tarayya ta yi aikinta bisa ƙidayar 2001, wadda ta samu mutum 11,410,046 a Ontariyo. Da aka raba su kan kujeru 106 na tarayya, ma'aunin kowace mazaɓa ya zama mutum kimanin 107,600, kuma doka ta yarda a saɓa wa ma'aunin da abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari ba, sama ko ƙasa, sai in akwai wani dalili na musamman. A 2003 aka tabbatar da sabuwar taswira, kuma a cikinta ne sunan Brampton ta Yamma ya fito. Mazaɓar ta ƙunshi tsohuwar tsakiyar gari da dukan filayen da ke yamma har iyakar birnin. Bisa alƙaluman 2001, yawan jama'arta yana cikin iyakar da doka ta yarda.

Sai dai taswirar tarayya ta rage wa arewacin Ontariyo kujera ɗaya, daga 11 zuwa 10, kuma gwamnatin Liberal ta Dalton McGuinty ta riga ta yi alƙawarin ba za ta bari hakan ta faru a majalisar lardi ba. Saboda haka a 2005 aka yi sabuwar doka: mazaɓu 11 na arewa suka tsaya yadda suke, kudu kuma ya ɗauki mazaɓu 96 na sabuwar taswirar tarayya, jimilla 107. Daga nan duk wani gyaran taswira sai majalisar lardi ta zauna ta yi masa doka ta musamman.

An fara amfani da taswirar a zaɓen 10 ga Oktoba 2007, shekara shida bayan ƙidayar da aka gina ta a kai. A cikin waɗannan shekaru shida birnin ya canza ƙwarai. Jama'arsa sun tashi daga 325,428 a 2001 zuwa 433,806 a 2006, ƙarin mutum fiye da 108,000, wato yawan mazaɓa guda cur a cikin shekara biyar. Kaso mai yawa na wannan ƙari ya sauka a yamma da arewa maso yamma. Gonakin Fletcher's Meadow sun koma rukunan gidaje, an buɗe tashar jirgin ƙasa ta GO a Mount Pleasant a 2005 tun gonaki na kewaye da ita, kuma a shekarar ce lardin ya yi dokar da ta killace wani makeken yanki na gonaki da dazuzzuka a kewayen Toronto, ta hana gini a cikinsa. Mafi yawan filayen yammacin Brampton ba su shiga killataccen yankin ba, don haka magina suka karkato can. Ƙidayar 2006 ta samu mutum kimanin 170,000 a Brampton ta Yamma. Tun kafin a jefa ƙuri'ar farko ta lardi a mazaɓar, ta riga ta zarce matsakaicin lardin da kusan rabi.

Su wane ne mazauna mazaɓar

Waɗanda suka cika sababbin unguwannin galibi baƙi ne da suka yi hijira zuwa Kanada, ko kuma 'ya'yansu, wasu kai tsaye daga ƙasashensu, wasu bayan sun yi 'yan shekaru suna haya a Toronto ko Mississauga. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa fiye da rabin mutanen Brampton a wajen Kanada aka haife su, kuma fiye da rabi 'yan asalin Kudancin Asiya ne, musamman daga jihar Punjab ta Indiya. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu mabiya addinin Sikh ne, akwai Kiristoci da Hindu masu yawa, Musulmi kuma sun kusa kashi ɗaya cikin goma. Baƙar fata sun kai kimanin kashi 13 cikin ɗari, da yawansu 'yan asalin Jamaika da sauran tsibiran Karibiyan, tare da 'yan Afirka ta Yamma daga Najeriya da Gana. A tsohuwar tsakiyar gari kuma akwai zuriyar Turawan Birtaniya da suka fara zama, da 'yan asalin Fotugal da suka biyo baya.

Yadda ake zama a gidajen yana da nasa tasiri a kan lissafi. Matsakaicin gida a Brampton yana ɗauke da mutum 3.6, alhali a lardin gaba ɗaya 2.6 ne. Wanda ya bi layukan Fletcher's Meadow da yamma zai ga gidaje masu bene a jere, kowanne da motoci uku ko huɗu a ƙofarsa, da wata ƙaramar ƙofa a gefe wadda ke sauka zuwa ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake ba wa ɗalibai ko sababbin zuwa haya. A sama kuma kakanni da iyaye da jikoki suna zaune tare. Unguwar da aka zana don wani adadi sai ta ɗauki fiye da shi, kuma alamar hakan tana bayyana a filayen makarantu, inda ake jera azuzuwan wucin gadi domin ginin asali ya cika.

Akwai wani bambanci da ya kamata a riƙe. Ana shata mazaɓu bisa yawan mazauna, amma 'yan ƙasa da suka kai shekara 18 ne kaɗai ke zaɓe. A mazaɓa mai yara da yawa da kuma mutanen da ba su samu takardar zama 'yan ƙasa ba tukuna, masu ƙuri'a ba su kai yadda yawan jama'a zai nuna ba. Amma ofishin ɗan majalisa ba ya tambayar takardar ɗan ƙasa kafin ya saurari mutum. Wanda katin lafiyarsa ya maƙale, da mai neman takardar haihuwar jaririnsa, da wanda aka dakatar wa tallafin naƙasa, da direban babbar mota mai matsalar lasisi, duk ofishin nan guda suke zuwa, kuma sabon zuwa wanda bai san hanyoyin hukuma ba ya fi kowa buƙatar wanda zai shige masa gaba.

2007 zuwa 2014: abubuwan da aka gwada

Gwaji na farko ya zo rana ɗaya da zaɓen 2007. Gwamnati ta kafa wani taron 'yan ƙasa mai mutum 103, ɗaya daga kowace tsohuwar mazaɓa, domin su duba tsarin zaɓe. Sun ba da shawarar majalisa mai kujeru 129, wadda za a cike 90 daga mazaɓu, sauran 39 kuma a raba wa jam'iyyu gwargwadon ƙuri'un da suka samu a faɗin lardi. Da an amince, ƙuri'ar jam'iyya da mutumin Brampton ya jefa za ta yi nauyi daidai da ta kowa a lardin, ko da yake rage mazaɓu zuwa 90 zai ƙara wa kowacce girma. An kai shawarar gaban jama'a a ƙuri'ar raba gardama ranar zaɓen, aka gindaya sharaɗin samun kashi 60 cikin ɗari tare da rinjaye a mazaɓu 64. Shawarar ta samu kusan kashi 37 kawai, kuma mazaɓu biyar ne suka goyi bayanta, dukkansu a cikin Toronto. Maganar ta mutu daga nan.

Hanyar kotu kuwa ƙunci gare ta tun 1991, lokacin da Kotun Ƙolin Kanada ta yanke hukunci a kan taswirar lardin Saskatchewan. Kotun ta ce abin da tsarin mulki ya lamunce wa ɗan ƙasa shi ne wakilci mai inganci, kuma ko da yake kusantar daidaiton nauyin ƙuri'a shi ne sharaɗi na farko, ana iya kauce masa saboda faɗin ƙasa, ko tarihin al'umma, ko kare tsiraru. Wannan hukunci ya ba majalisu sarari mai faɗi, kuma bai ɗora musu wani wa'adi na gyara taswira ba.

Hanya ta uku ta bi ta Ottawa, tunda kudancin Ontariyo taswirar tarayya yake kwafa. A 2007 gwamnatin tarayya ta Stephen Harper ta gabatar da ƙudurin da zai ƙara wa Ontariyo kujeru 10, McGuinty ya ce sun yi kaɗan idan aka kwatanta da abin da za a ba Alberta da British Columbia, kuma ƙudurin bai kai ga zama doka ba. Wani ƙuduri na 2010 mai ba Ontariyo kujeru 18 shi ma ya faɗi da aka rushe majalisa a 2011. Sai a Disamba 2011 aka zartar da dokar da ta ƙara kujeru 30 a majalisar tarayya, 15 daga ciki na Ontariyo, wanda ya kai shi 121.

A wannan tsakani an yi zaɓen lardi na 6 ga Oktoba 2011 a kan tsohuwar taswira. Ƙidayar shekarar ta samu mutum 523,911 a Brampton, kuma sama da 200,000 daga cikinsu a Brampton ta Yamma suke, wato kusan kashi 70 cikin ɗari sama da matsakaicin lardin. A lokaci guda wasu mazaɓun arewa ba su kai mutum 80,000 ba. Dhillon ya sake cin kujerar. A gabashin birnin kuma wani matashin lauya, Jagmeet Singh, ya ci wa jam'iyyar NDP mai ra'ayin kare ma'aikata kujera, alamar farko cewa Liberal ba ta da tabbacin Brampton kamar da.

Hukumar tarayya ta zauna a 2012, ta saurari jama'a, aka tabbatar da sabuwar taswira a Oktoba 2013. Duk da haka zaɓen lardi na 12 ga Yuni 2014, wanda ya zo kafin lokaci domin gwamnatin Liberal ta Kathleen Wynne, wadda ta gaji McGuinty, ba ta da rinjaye kuma NDP ta ƙi goyon bayan kasafin kuɗinta, an yi shi ne a kan mazaɓu 107 na da, tunda babu dokar lardi da ta karɓi sabuwar taswirar. Mutanen Brampton ta Yamma sun zaɓi wakilin da zai zauna har 2018 a kan iyakokin da aka zana da alƙaluman 2001.

A cikin waɗannan shekaru ne maganar asibiti ta zama babban koken birnin. An buɗe asibitin Brampton Civic a Oktoba 2007, aka rufe tsohon asibitin Peel Memorial a lokaci guda, birnin ya zauna da cikakken asibiti ɗaya tak. An sake gina Peel Memorial aka buɗe shi a 2017 a matsayin cibiyar kula da marasa lafiyar da ba a kwantarwa. A shekarar ne aka bayyana cewa marasa lafiya sama da 4,000 an kula da su a barandun asibitin Civic cikin shekara guda saboda rashin gado.

2015 zuwa 2018: an raba mazaɓar

A ƙarshen 2015 majalisar lardi ta zartar da dokar da ta karɓi mazaɓu 111 na sabuwar taswirar tarayya a kudu, ta bar 11 na arewa, jimilla 122. A 2017, bisa shawarar wata hukuma ta musamman, aka ƙara mazaɓu biyu a can ƙuryar arewa, Kiiwetinoong wadda mafi yawan mutanenta 'yan asalin ƙasar ne na fari, da Mushkegowuk–James Bay wadda masu jin Faransanci suka fi yawa a cikinta. Majalisa ta zama mai kujeru 124.

Brampton ya samu mazaɓu biyar, dukkansu a cikin iyakar birnin: ta Tsakiya, ta Gabas, ta Arewa, ta Kudu da ta Yamma. An yanke tsohuwar Brampton ta Yamma, yankin kudu ya tafi sabuwar Brampton ta Kudu, sunan kuma ya zauna a kan ɓangaren arewa maso yamma. Bisa ƙidayar 2011 sabuwar mazaɓar tana da mutum kimanin 100,000, ƙasa kaɗan da ma'aunin 106,213 da hukumar ta yi aiki da shi. Wannan shi ne matakin da ya yi aiki a cikin duk abin da aka gwada, kuma ya yi aiki ne saboda an ƙara yawan kujeru. Babu wani yanki da aka ƙwace wa wakili domin a ba Brampton, don haka babu wanda ya tashi ya yi yaƙi da gyaran.

Zaɓen 7 ga Yuni 2018 ya nuna abin da rabon ya haifar. Amarjot Sandhu na PC, wanda ya fara zuwa Kanada a matsayin ɗalibi daga Indiya, ya ci Brampton ta Yamma da ratar 'yan ɗaruruwan ƙuri'u a kan ɗan takarar NDP, Dhillon ya zo na uku. Prabmeet Sarkaria ya ci wa PC ta Kudu. NDP ta ɗauki sauran ukun, kuma ta Tsakiya da ratar da ba ta kai ƙuri'a ɗari ba. Birnin ya koma fagen kujeru biyar waɗanda kowace babbar jam'iyya ke ganin za ta iya ci ko ta rasa.

2018 zuwa 2025: abin da ya biyo baya

A Oktoba 2018 sabuwar gwamnatin PC ta Doug Ford ta soke kuɗin da aka ware don gina reshen jami'a a Brampton, tare da na Markham da Milton. A Janairu 2020 majalisar birnin ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan harkar lafiya. Bayan haka al'amura suka juya. A Maris 2021 gwamnati ta sanar da faɗaɗa Peel Memorial da gadaje 250, a 2022 kuma ta sanar da kafa makarantar koyon likitanci a birnin, wadda ta ɗauki ɗalibanta na farko a 2025. A zaɓen 2 ga Yuni 2022 PC ta lashe dukan kujerun Brampton biyar.

Yawan jama'a bai jira kowa ba. Sabuwar Brampton ta Yamma ta kai kusan 130,000 a ƙidayar 2016, wato kafin a yi zaɓen lardi na farko a cikinta, sannan ta haura 160,000 a 2021. A shekarar lardin yana da mutum 14,223,942, wanda idan aka raba kan kujeru 124 ya ba da kimanin 114,700. Mazaɓar ta sake zarce matsakaici da kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma ta ninka Kiiwetinoong wajen sau biyar.

Hukumar tarayya ta sake zama bayan ƙidayar 2021, ta ƙara wa Brampton mazaɓa ta shida a taswirar 2023, ta rage wa Toronto ɗaya, ta kuma rage wa arewa ɗaya. Gwamnatin Ford ba ta kawo dokar karɓar wannan taswira ba. Saboda haka mutumin da ke zaune a Mount Pleasant ya zaɓi wakilinsa na lardi ranar 27 ga Fabrairu 2025 a kan iyakokin ƙidayar 2011, sannan bayan wata biyu, ranar 28 ga Afrilu, ya zaɓi na tarayya a kan iyakokin ƙidayar 2021.

Abin da lamarin ya nuna

Ƙananan mazaɓun arewa su ne aka fi nunawa idan ana maganar rashin daidaito a Ontariyo, amma a ganina ba daga can ciwon Brampton ta Yamma ya fito ba. Kiiwetinoong faffaɗar ƙasa ce mai garuruwa da yawa da ba a isa gare su sai ta jirgin sama, kuma mutanenta sun daɗe ba su da murya tasu a majalisa, don haka hujjar ba ta kujera tana da ƙarfi. Ko da an haɗe kujeru biyu ko uku na arewa, abin da zai ragu daga nauyin mazaɓa mai mutum 200,000 kaɗan ne. Ciwon ya fito ne daga jinkiri. Alƙaluman 2001 sun yi aiki a majalisar lardi har tsakiyar 2018, shekara 17, a birnin da ya ƙaru da fiye da kashi 80 cikin ɗari tsakanin 2001 da 2016. Sau biyu aka shata mazaɓar daidai da ma'auni a kan takarda, kuma sau biyun ta cika ta batse kafin lardi ya yi zaɓe a cikinta.

Dokar 1996 ta ɗauke wa lardin hukumarsa, amma aƙalla ta ɗaure shi da jadawalin tarayya. Dokar 2005 ta kare arewa, wanda abu ne mai kyau, amma ta kwance wannan ɗauri ba tare da ta sa wani a madadinsa ba, sai gyaran taswira ya koma abin da gwamnati mai ci za ta yi in ta ga dama. Wannan shi ne kuskuren da na fi ganin nauyinsa, domin gwamnatin da ta ci zaɓe a kan wata taswira ba ta da abin da zai matsa mata ta canza ta, kuma zaɓukan 2014 da 2025, ɗaya a hannun Liberal ɗaya a hannun PC, sun nuna cewa halin bai tsaya ga jam'iyya guda ba.

Game da asibiti da makarantar likitanci, ƙarin kujeru kaɗai bai kawo su ba, tunda an soke reshen jami'a watanni huɗu bayan birnin ya samu kujeru biyar. Abin da ya canza lissafi shi ne kujerun sun yi yawa kuma ana cin su da ƙaramar rata, har watsi da birnin ya zama abu mai tsada ga kowace jam'iyya. Wannan riba ce ta gaske ga mutanen Brampton, amma ta dogara da yanayin siyasa, wanda ke iya canzawa a zaɓe guda.

Gyaran da zai ɗore shi ne dokar da za ta tilasta wa lardin sake shata mazaɓu a wani ƙayyadadden lokaci bayan kowace babbar ƙidaya, ta hannun hukuma mai zaman kanta, tare da ba hukumar damar barin sarari a mazaɓun da aka riga aka amince da ginin dubban gidaje a cikinsu. Hukumar tarayya ba za ta sake zama ba sai bayan ƙidayar 2031, kuma har yanzu akwai filaye a yammacin Brampton da aka ware wa gidaje ba a gina ba. Muddin majalisar lardi ba ta yi sabuwar doka ba, waɗanda za su tare a gidajen za su shiga mazaɓar da aka auna da ƙidayar 2011.